Sanyin da Inna Gulsanam ke ji

Akwai wani mutum a garinmu Ardabil mai suna Yashar. Da Allah ya buɗa masa, ya gina gida ya zagaye kowane ɗaki da bututun ruwan zafi mai ɗumama gida. Ƙanƙara na zuba a waje, shi yana yawo da 'yar shara.

Ya ɗauko mahaifiyarsa Inna Gulsanam daga tsohon gida, amma ya hana a taho da korsinta, guntun teburin nan da muke sa kaskon garwashi a ƙarƙashinsa, mu lulluɓe da babban bargo, kowa ya zura ƙafa a sha shayi.

"Haba Inna, wa ke zama da gawayi yanzu? So kike a yi mini dariya?"



A sabon gida kowa da ɗakinsa da ɗuminsa, don haka kowa ya ja ƙofa. Kullum sai ta ce, "Ɗana, sanyi nake ji."

Shi kuwa gwanin lissafi, sai ya nuna mata ma'aunin zafi da ke bango. "Ashirin da biyar fa, Inna! Ko gasa ki za mu yi?" Ya ƙara wuta ya fita.

Tsakiyar hunturu tari ya kama ta, ya sauka ƙirji. Kwana tara ta yi, Allah ya karɓi abarsa.

Ranar uku wata tsohuwa mai suna Tamam ta zo gaisuwa tana kuka. "Ɗana, ka yafe mini. Wurina take zuwa kullum da la'asar, in kun fita. Sau nawa ina ce mata jikin da ya saba da zafin gidanku ba zai jure hanya ba."

"Iya, me take nema a gidanki? Kuna da bututu ne?"

"Wane bututu? Ruwa ma daskarewa yake a tulunmu. Korsi ne kawai, mu biyar a bargo ɗaya. Ta ce wata biyu ke nan a gidanka ba wanda ya zauna kusa da ita."

 Ina wurin, kuma har yau in na tuna fuskar Yashar sai zuciyata ta karye.

Darasi: In tsoho ya ce yana jin sanyi, kafin ka ƙara masa wuta, ja kujera ka zauna kusa da shi. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye.