Masuntan Tungar Kaiwa da Oba-obarsu

Dalilin da ya sa masuntan Tungar Kaiwa ba sa ɗaga murya a oba-oba, ko da abu ya ɓaci, ga shi. Ku zauna. Ba na maimaitawa.

Da can, sa'ad da oba-oba, wato rediyon hannu da ake magana da juna ta cikinta, ta fara shigowa tafkin nan, kowane kwalekwale ya samu tasa. Tana da layuka da yawa, amma kowa na farko yake so, don ya fi ƙarfi. In mutum biyu suka yi magana tare, ba a jin kowa, sai ƙara kamar ana suya. Babu mai raba musu layi, domin kowa yana can nasa ruwan.

Wata rana da la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Jirage suka yi ta dawowa, ban da na Jatau, ƙanen Nomau. Nomau ya tsaya a bakin gaɓa da oba-oba a kunne. Can ya ji muryar ƙanensa: "Yaya, inji ya mutu, ina wajen..." Sai wani masunci, Bawa, ya faɗo layin yana kiran matarsa ta kwashe kifi daga shanya.

"Kai Bawa, sauka mini!" in ji Nomau.

"Layin na tsohonka ne?" in ji Bawa.

Wasu ma suka shigo. Nomau ya koma layi na biyu, ashe duk sun koma tare. Ya matsa na uku, can ma ya tarar da su. Iska ta fara kwantar da ciyawa, ruwa ya yi baƙi. Tafkin yana da faɗi, in bai san gefen da Jatau yake ba, fita banza ce.

Sai ya tuna yadda suke yi da koma. In ka iske wani ya riga ka zuba, ba ka faɗa, sai ka matsa inda ranka ya ba ka. Inda ka samu kifi, gobe ka koma. Ya rufe ido, ya murɗa maɓallin sauya layi ba tare da ya duba ba. Ƙara. Ya dakata, ya sake murɗawa. Shiru. Ya sake.

"Yaya? Yaya!" Muryar can ƙasa-ƙasa. Ashe Jatau ma ya gaji da cunkoso, yana ta lalube. "Ina bayan tsibirin dorina, ruwa yana shigowa!"

Nomau ya tayar da inji. Ya iske shi ruwa ya kai masa gwiwa, yana kwarfewa da ƙwarya.

Ba a yi taro a kan maganar ba. Amma kowa ya ji tsoro ranar. Wanda ya yi karo da wani sai ya kauce, wanda maganarsa ta wuce sai ya riƙe wurin. A hankali kowa ya san nasa layin.

Shi ya sa har yau, in muryoyi biyu suka haɗu a oba-oba, za ku ga duk sun yi tsit, kowa yana murɗa tasa. Ba kunya ba ce. Wataƙila akwai wani a ruwa yana kira. Ku tashi, ku je ku shanya komar.