Goran Fura a Tsakiyar Tafki

Masu ba da labari sun ce a Tungar Masu, garin masunta da ke bakin babban tafki, an yi wani gwanin iyo mai suna Arzika. Ran da ya kafa tarihi, ya faɗa ruwa bayan asuba, bai taka ƙasa ba sai da la'asar sakaliya. Kilomita talatin da biyu ya ci, alhali gwanin da ya gabace shi a ashirin da bakwai ya tsaya. Bayan kwana uku sai aka ji kwamitin gasa zai soke nasarar.

Doka ta hana mai iyo taɓa jirgi ko mutumin cikinsa, abinci ma a gora ake jefa masa. To, kawunsa Nomau, mai tuƙa kwalekwalen rakiya, ya ce ba zai jefa wa ɗan 'yar'uwarsa abinci kamar kare ba. Ya miƙa masa goran fura hannu da hannu, yatsunsu suka haɗu, alƙalin gasa ya rubuta.

Labari ya kai ga Malam Barmo, tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Ya karanta dokar sau uku, ransa a ɓace, ya nufi gidan Hakimi, shugaban kwamitin, wanda ya taɓa zama ɗalibinsa. Ya tarar da takardar sokewa a gabansa, alƙalin gasa na gefe. Aka ba shi wurin zama, ya ce ba zai zauna ba sai an saurare shi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin ka sa hannu, ka ji hikayar Sarkin Ruwa da mai wanki."

Hakimi ya ajiye alƙalami ya ce yana ji.

Malam ya ce wani Sarkin Ruwa ya sassaƙa sabon jirgi, ya hana kowa taɓa shi don kada a lalata. Wata rana ruwa ya cika, turke ya tumɓuke, jirgi ya kama hanya. Wata mai wanki ta yi tsalle ta riƙe igiyar har mutane suka zo. Dogari ya kai ta gaban Sarki da laifin taɓa jirgi. Ana shirin korarta daga gari, sai wani zalɓe da ke bakin gaɓa ya nemi izini, ya ce wannan shari'a ta tuna masa da labarin mai ciwon ciki.

Zalɓe ya ce wani mutum ne mai ciwon ciki, sai mai magani ya hana shi shan ruwan kogi. Rannan ya zame ya faɗa kogi, ga masunta kusa da shi, amma ya ƙi buɗe baki ya yi kira don kada ruwa ya shiga. Da aka tsamo gawarsa, bakinsa a rufe yake gam. "Ya kiyaye umarni," in ji zalɓe, "sai dai wanda aka yi umarnin dominsa ya tafi."

Sarkin Ruwa ya tuna don me ya kafa dokarsa, ya sallami matar da kyauta.

Malam Barmo ya juya ga alƙalin gasa, ya ce an kafa dokar ne don kada mai iyo ya jingina ya huta. Ya tambaye shi da hannu nawa Arzika ya karɓi goran.

Alƙali ya ce da biyu, yadda ake karɓa daga babba.

"Da me yake iyo a lokacin?"

Alƙali ya sunkuyar da kai, ya ce gaskiya nutsewa ya yi har ruwa ya rufe masa kai, ya taso yana tari.

Malam ya ce, "Wannan ne hutun da za ku ƙwace masa kilomita talatin da biyu a kansa?"

Hakimi ya yi dariya, ya yage takardar, ya sa aka rubuta ta tabbatarwa. Malam ya duba adadin sau biyu, ya sa aka ƙara mita ɗari huɗu da aka manta. Sai a sannan ya zauna.

Hakimi ya taso da kansa, ya miƙa masa takardar da hannu biyu.