Tanimu Mai Hoto da Fim ɗin da Bai Kama ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na kama sunansa ba, ana ce masa Tanimu Mai Hoto. Ku matso, ku saurara. Wannan zance tun zamanin da hoto ke da daraja ne, ba yanzu da kowane yaro zai zaro waya ya ɗauki har tuwon da zai ci ba. A lokacin sai an yi wanka, an sa kayan sallah, an zizara kwalli, sannan a tsaya ƙiƙam gaban mai hoto kamar an zo gaban alƙali.

Shagonsa ɗan mitsitsi ne a bakin kasuwa, jikin shagon wani tela mai suna Na'Allah. Labule ɗaya ne a ciki mai zanen gidan sama, sai kujera ɗaya, sai wani furen roba da rabin 'yan matan garin suka riƙe a hoto. Da safe ya share, ya goge idon kyamara da ƙyalle mai laushi, ya zauna. Mai neman aiki ya zo a yi masa fasfo, maniyyaci ya zo, mai jego ta zo da jaririnta. "Ɗaga haɓa kaɗan. Kar ki ƙifta. Yauwa." Aikin ke nan, shekara da shekaru. Ba shi da surutu, ba a taɓa jin kansa da kowa ba.

To don ku gane, kyamarar da ba irin taku ba ce. Fim ake sa mata, wani siririn abu a naɗe, mai cin hoto talatin da shida. Za ka buɗe bayanta, ka ja bakin fim ɗin ka maƙala shi a wasu 'yan haƙora, ka rufe. Duk hoton da ka ɗauka sai ka ja wani ɗan hannu, fim ya matsa gaba. Ba ka ganin abin da ka ɗauka. Sai an ba direba ya kai birni an wanke, bayan kwana goma a dawo maka da shi.

Ana nan sai Alhaji Mati mai goro ya tashi aurar da 'yarsa Zulai, aka kira Tanimu. Ita Zulai uwarta ta rasu tun tana goye, kakarta ta wajen uwa, Iya Tasalla, ita ta raine ta a can wani ƙauye mai nisa, wanda motar kasuwa ke zuwa sau ɗaya a mako. Tsohuwar nan tun da take ba a taɓa ɗaukarta hoto ba. In an yi mata maganar sai ta ce, "Me za a yi da fuskata a takarda?" Ranar wuni Zulai ta riƙe mata zane tana kuka, ta ce, "Iya, ko guda ɗaya, in riƙa ganinki a ɗakina." Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda. Ta tsaya a rana gefen amarya, Tanimu ya ɗauka, mata suka rangaɗa guɗa.

Ya ɗauki ango da abokansa, ya ɗauki gwaggwanni da ƙawaye, ya ɗauki jere. Bayan la'asar ya koma shago ya zo naɗe fim ɗin, sai ya ji hannun sakayau, babu nauyin komai. Ya buɗe bayan kyamara, sai ga bakin fim kwance inda ya ajiye shi da safe. Ashe garin amsa gaisuwar mutane bai maƙala shi da kyau ba, haƙoran ba su kama ba. Wuni guda yana ta ƙyas, ƙyas, babu hoto ko ɗaya.

Ya zauna daɓas a kujerar nan yana salati. Na'Allah tela ya leƙo, ya ji abin da ya faru, ya ja ƙofa ya rage murya.

"Malam Tanimu, kwantar da hankalinka. Gobe ka ba direba wani fim kamar kullum. In kwana goma ta cika ka ce 'yan wanki ne suka ƙona shi a birni. Wa zai je ya tambaya? Ba su saba ƙonawa ba?"

Ku ji fa, jama'a, shawarar ba daga maƙiyi ta fito ba, daga aboki ta fito. Kuma Tanimu mutum ne, ba mala'ika ba. Ya ji daɗin maganar a ransa, ƙarya nake in na ce bai ji ba. Mai hoto ba shi da jari sai sunansa. In aka ji ya yi wuni da kyamara babu fim, wa zai sake kiransa biki?

Sai ya tuna da tsohuwa. Ya ce, "Na'Allah, yaushe motar ƙauyen su Iya ke tashi?"

"Gobe da hantsi."

"To ka gani. In na yi shiru, kwana goma za su yi suna jiran abin da babu shi. Kafin nan ta tafi. In na faɗa yau, tana nan."

Tela ya ce, "Za ka sha zagi."

Ya ce, "Ni na saya da hannuna."

Ya sa hularsa ya tafi. Ya tarar da Alhaji Mati a zaure cikin baƙi, ana ta raba goro. Ya durƙusa ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, na zo da magana mara daɗi. Hotunan yau babu ko ɗaya. Ban sa fim daidai ba. Laifina ne, ba na kowa ba."

Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Wato tun safe kana ta tsai da mutane, matso nan, matsa can, ashe wasan yara kake mana? Bikin 'yata guda?" Ya faɗi maganganu, wasu ba za su maimaitu a nan ba. Wani daga baya ya ce, "Tanimu Ba Fim!" aka kwashe da dariya. Tanimu kansa a ƙasa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. Da aka lafa ya ce, "Alhaji, abu ɗaya nake roƙo. Taro ya watse, ba zan iya dawo da shi ba. Amma Iya ba ta tafi ba."

"Tashi ka ba ni wuri!"

Ashe hayaniyar ta kai cikin gida. Sai ga Iya Tasalla ta dogaro sandarta har bakin zaure.

"Ɗan nan, kai ne ka shanya ni a rana a banza?"

"Ni ne, Iya."

"Wa ya tona ka?"

"Ba kowa."

"To da ka yi shiru wa zai sani?"

Ya ce, "Allah zai sani, Iya. Kuma da kin tafi."

Tsohuwa ta dube shi ta yi 'yar dariya. "Gobe zan biya in yi wa yarinyar nan sallama a ɗakinta kafin mota. Ka same ni can. Amma ka zo da abin naka a cike."

Da safe ya je. A gaban kowa ya buɗe kyamara, ya maƙala fim, ya duba, ya sake dubawa. Babu kwalliya, babu guɗa. Zulai da zanen gida, ido a kumbure don kukan rabuwa, Iya da ƙullin kayanta a gefe, ta ɗora hannu a kan jikarta. Ya ɗauka. Mota ta yi ƙaho, tsohuwa ta tafi.

Kada ku zaci daga nan sai alheri ya ɓarke masa. A'a. Sunan Ba Fim ya bi shi har masallaci. Bukukuwa da dama suka wuce, aka ɗauko mai hoto daga wani gari. Ya yi haƙuri, ya ci gaba da share shagonsa yana yin fasfo.

Kafin kaka ta yi, aka aiko Iya Tasalla ta rasu. Bayan an share makoki sai ga Zulai da mijinta a shago, riƙe da hoton nan. Ta ce, "Malam Tanimu, a ƙara mana guda shida, kawunnaina kowa na so. Duk danginmu wannan kaɗai ne hotonta." Ta share hawaye ta ce, "Da ka bari sai bayan kwana goma, da yau ba ni da komai. Allah Ya saka maka."

Bayan kwana biyu Alhaji Mati da kansa ya shigo, ya zauna a kujera ya gyara babbar riga. Can ya ce, "Ɗauke ni." Tanimu ya ɗaga kyamara. Alhaji ya ce, "Akwai dai fim?" Ya ce, "Akwai, Alhaji." Suka yi dariya su biyu, maganar ta mutu a nan.

To jama'a, ga abin da nake so ku tafi da shi gida. Kuskure ba a kan Tanimu aka fara ba, duk mai sana'a yana yi. Amma gaskiya tana da lokaci. Wadda ka faɗa yau tana iya gyara wani abu, wadda ka ajiye sai an kama ka ba ta gyara komai, motar ta riga ta tashi. Kai tela da ka ɓata yadin mutane kana cewa a dawo jibi, da kai nake. Kai makanike da ka karya abu ka mayar ka ɗaure, da kai nake. Ke da kika yi ɓarna kika bari ana zargin wata, kin ji ni. Har ni mai maganar nan ban fita ba. Gaskiya ɗaci gare ta, amma kunyar wuni ɗaya ta fi nadamar da ba ta da magani sauƙi. Duk wanda ya san akwai maganar da yake riƙe da ita, ya je ya faɗa yau, tun mai ita yana nan.

Allah Ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan lokacinta, ko da a kan kanmu ne. Ku ce amin.