Makiyayin da Aka Ɗaure a Turke

A wani ƙauye da ke gindin dutse akwai wani mutum makiyayi, mai tumaki da awaki. Tun yana saurayi yake kora garkensa kan dutsen tare da abokinsa Dogara, wanda gidansu ke wancan gefen dutsen. A zamanin nan ƙafa ce motar kowa. Da sassafe su sha kunun gero, su rataya goran ruwa, su bi dabbobi har rana ta yi sanyi. In yunwa ta taso ga kanya, ga ɗinya, ga magarya a bakin hanya. Da yamma tuwon dawa ne da miyar kuka wadda ta ji daddawa, wata rana kuma kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli. Nama sai Kirsimeti ko in an yi babban baƙo. Ranar Lahadi su taka zuwa majami'a, su yi waƙa har murya ta dushe, su tako gida ba wanda ya ce wash. Kai, an sha daɗi a lokacin nan, su kuwa a ganinsu talauci suke sha.

Kwanci tashi makiyayin ya manyanta. Yana da ɗa guda, yaron kirki mai tsoron Allah, wanda ya yi karatu ya sami aiki a birni. Wata rana ɗan ya zo ya durƙusa ya ce, "Baba, wahala ta ƙare. Kun yi mana, yanzu mu ne za mu yi muku."

Ya ɗauki wanda zai riƙa fita da garken. Ya sayo kujera mai laushi ya kafa wa mahaifinsa a inuwar mangwaro, ya ajiye mai babur da zai kai shi sujada ya komo da shi. Duk ƙarshen wata ga shinkafa da taliya, ga sukari da madarar gwangwani, ga lemon kwalba. Aka daina kaɗa miyar kuka a gidan, wai abincin wahala ne. Tsoho ya ci soyayye, ya kora da mai zaƙi, ya jingina ya yi barci. Tumbi ya fito, wuya ya nannaɗe, har ɗaura takalmi ya zama aiki. Maƙwabta suka riƙa cewa, "Kai, Baba ya murje! Haihuwa ta yi rana." Shi kuwa daɗin maganar ya ishe shi.

Dogara kaɗai ne bai yaba ba. Ranar kasuwa yakan tsallako dutsen da ƙafarsa, siriri kamar sandarsa. Wata rana ya dubi makiyayin sama da ƙasa ya ce, "Abokina, wane Kirsimeti ake kiwonka dominsa?"

Makiyayin ya gane sarai, gama shi gwani ne a kiwon turke. In ana so rago ya yi ƙiba, sai a ware shi daga garke, a ɗaure shi a inuwa, a hana shi fita, a riƙa kawo masa dusa da harawa har gabansa. Amma ya yi dariya ya ce, "Hassada ce ke damunka. Zauna ka sha lemo."

Sai ya zamana wata damina ruwa ya cinye hanyar da ke zagaye dutsen, ko babur ba ya wucewa. Da hantsi wani ɗan aike ya iso ya ce, "Baba, Dogara yana kwance, jiki ya yi tsanani. Ya ce ka zo yau, yana so ya gan ka."

Ba sauran hanya sai ta makiyaya, wadda ta hau dutsen. Mutumin ya ce a ransa, "Hanyar da na sha bi da tunkiya a kafaɗa?" Ya lalubo tsohuwar sandarsa a bayan rumbu, ya kama hawa. Bai yi nisa ba ƙirjinsa ya fara dukan ganga, gwiwoyi suka ƙi, gumi ya jiƙa riga. Ya zauna. Ya tashi ya ɗan taɓa, ya sāke zama. Ya san kowane dutse a hanyar nan, ya san kanyar da sukan huta a gindinta, ya san inda Dogara ya taɓa zamewa suka yi ta dariya. Idonsa ya san hanya, zuciyarsa ta riga ta isa, jiki kuwa ya ce bai san zancen ba. Tafiyar da a dā yake gamawa kafin raɓa ta bushe, ita ce ta cinye masa yini.

Da la'asar ya kai ƙwanƙolin dutsen da rarrafe. Yana hango rufin gidan Dogara, sai ya ji kukan mata ya tashi daga ciki.

Da ya isa, matar Dogara ta tarye shi a ƙofa ta ce, "Sannu da hanya. Tun safe yake tambaya ko ka iso. Ya ce mu bar masa ƙofa a buɗe, kai ba ka taɓa makara ba."

Tsoho ya zauna a ƙasa ya yi kuka mai zafi.

Bayan an yi jana'iza ya kira ɗansa ya ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ba ka yi mini kome ba sai don ƙauna. Amma ka kwance ni." Daga ranar ya soma bin garken, da fari zuwa bakin rafi kawai, yana haki yana hutawa, daga baya har gindin dutse. Ya ce a dawo masa da tuwon dawarsa da ganyensa, a rage masa mai da zaƙi. Sannu a hankali jiki ya saki, numfashi ya komo. Dogara dai bai komo ba.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Makiyayin nan ni ne, kai ne, ke ce. Turken shi ne kujerar da muke yini a kai, dusar kuwa ita ce soye-soye da zaƙin da muke ɗurawa muna kiransu jin daɗi. Iyayenmu ba su san sunan motsa jiki ba, amma shi suke yi daga safe har yamma, abincin da muke renawa kuma shi ya riƙe su. Kada wani ya ce ai Dogara mai tafiyar ƙafa ma ya mutu. Hakika ya mutu, ranar kowa tana hannun Ubangiji. Amma har ranar da ya kwanta, duk inda aka bukace shi ƙafarsa ta kai shi.

Ku samari, ku kula da iyayenku, amma kada ku ƙwace musu fartanya da sanda da sunan hutu. Ku manya, na ga wasu suna gyara riga a kan tumbi, ban kira sunan kowa ba. Jikin nan amana ce Ubangiji ya ba mu domin mu yi masa hidima da shi, mu gai da marar lafiya, mu kai ɗauki inda ake kuka. Ku rage loma, ku rage sukari, ku komo ga ganye da hatsin gida, wanda gidansa ke kusa kuma ya taka zuwa sujada. Gama wata rana za a aiko a ce wani naka yana kiranka yau, ranar nan kuwa ba babur, ba mota. Jikin da ka kiwata, shi ne zai kai ka ko ya zaunar da kai a hanya.