Turmi a Ƙarƙashin Mota

Akwai wani mutum mai tsohuwar mota da ya gada daga mahaifinsa. Bayanta ya zauna, domin sifirin ya gaji, shokozoba kuma ta mutu. Maƙwabta suka ce ya kira bakanike. Ya bugi ƙirji ya ce, "Ni? Da hannun nan nawa zan mayar da komai. Ba na bukatar ko mai miƙo mini sifana."

Ya ɗaga motar da jak, ya cire taya, ya shige ƙarƙashi yana waƙa. Jak ɗin nan kuwa, yara, ya girmi yawancin iyayenku. Matarsa ta fito shanya, sai ta ga mai yana tsiyaya daga jikin jak ɗin, motar tana saukowa a hankali kan ƙirjin mijinta.

Ta ce, "Baban Rifkatu, fito!"

Ya ce, "Mace, aikin ƙarfe ba dakan tuwo ba ne. Ki bar ni."

Ba ta tsaya gardama ba. Ta mirgino turminta, ta cusa shi ƙarƙashin motar ta ɗaya gefen. Motar ta sauko ta zauna a kan turmin daram. Mai waƙa bai ma sani ba.

Da ya ɗaure noti na ƙarshe, ya mayar da taya, ya zare jak ɗin da hannu ɗaya, har yana mamakin ƙarfinsa. Sai ya tara unguwa, da dattawan ikkilisiya, su zo su ga aiki. Ya ce, "Ni kaɗai! Ku matsa kada ƙura ta buɗe ku."

Ya tayar, ya sa giya, ya taka totur. Injin ya yi ruri, tayar baya tana ta juyawa a iska, mota ko motsi. Ya ƙara takawa, har yana ɗaga wa mutane hannun ban kwana.

Wani dattijo ya durƙusa ya leƙa. Ya ce, "Maƙwabci, a ina ake sayar da irin wannan sifirin? Na ga kamar na sha furar da aka daka a cikinsa."

Aka fashe da dariya. Mutumin ya fito ya leƙa. Ya ga turmin ya tsage, bakinsa ya lotsa saboda nauyi, dab da inda ya yini a kwance. Ya dafa ƙirjinsa, ya cire hula.

To, ga ma'anar misalin nan. Jak ɗin shi ne wayonmu, wanda yake tsiyaya muna waƙa. Turmin alherin Ubangiji ne, da yakan aiko ta hannun wanda muka ce wa "bar ni". Kowannenmu ya taɓa kwanciya ƙarƙashin abin da ya fi ƙarfinsa, ya fito lafiya, ya ce dabararsa ce. Ran da Allah ya tona ka a gaban jama'a, kada ka ji haushi, mai rai ake yi wa dariya. Yau in an tashi sujada, ku durƙusa ku leƙa ƙarƙashin rayuwarku. Ku gode wa Allah, sa'an nan ku nemi mai turmin ku gode mata.