Kofin da Isikeli Ya Ƙi Sha

Akwai wata matashiyar matar aure mai suna Akanisi, 'yar tsibirin Kadavu, da aure ya kawo ta nan birnin Suva. Watanta bakwai da zuwa, amma hanya uku kawai ta sani: ta kasuwa, ta coci, da ta kamfanin ɗinki inda take sa wa riguna maɓalli.

Mijinta Jolame yana aiki a jirgin kamun kifi. In ya fita sai ya yi sati uku a teku. Ita da ƙanwarsa Vasiti ke zaune a gidan, kuma layi ɗaya suke a wurin aiki.

Vasiti ta shekara shida a birni, ba ta kuma bari kowa ya manta da hakan.

Wata Juma'a matan layinsu suka shirya fita da dare, don yin ban kwana da shugabarsu Torika, wadda za ta tafi Ostireliya aikin gona. Akanisi ta so ta noƙe.

"Matar yaya, yau kam sai kin fito," in ji Vasiti, tana shafa jan baki. "Ko tsoro kike kada fitilu su cije ki?"

"Ni dai ba na shan komai, kin sani."

"Wa ya ce ki sha? Ki zo ki riƙe mana jakunkuna. Kuma don Allah kada ki saki baki kina kallon mutane kamar an kawo akuya kasuwa."

Akanisi ta yi murmushi kawai, ta ɗaura zaninta na coci, ta bi ta.

Su biyar suka je wani gidan rawa da ke saman bene, kusa da bakin teku. Ana yayyafi a waje, ciki kuma kiɗa har a ƙirji ake jin sa. Suka sami tebur a lungu. Akanisi ta sayi lemon kwalba, ta sa aka buɗe a gabanta, ta zauna ta tara jakunkuna a cinya.

Kamar yadda aka saba, kofi ɗaya ne a teburin. Mai zuba giya shi ke fara sha, sannan kofin ya zaga daga wannan zuwa wannan har ya dawo hannunsa. Shi ya sa mata ke sakin jiki da shi. Abin da kowa ya sha, ai ba ya kisa.

Torika ce ke zubawa, har wani dogon mutum mai farar riga ya tsaya a kansu, da kwalabe biyu a hannu.

"'Yan mata, wannan dariyar taku ba ta birni ba ce. Ku 'yan ina ne?"

"Kadavu!" in ji Vasiti. "Da magana?"

Mutumin ya dafe kai. "Wayyo, na shiga uku! Ni ɗan Ra ne. Ashe ɓarayin kajinmu ne a nan! Tau, matsa min in zauna."

Tebur ya kaure da shewa. Tsakanin mutanen Kadavu da na yankin Ra akwai wasa tun kaka da kakanni. Tau ɗinka, wato abokin wasanka, zai zage ka, ka yi dariya. Zai shiga gidanka ya ɗauki abin da ya ga dama, ba ka da bakin magana. In kuma ya miƙo maka abu, ƙin karɓa abin kunya ne.

Ya ce sunansa Isikeli. Kafin a ce haka, ya karɓe kofin daga hannun Torika.

"Iya, ke da ake wa ban kwana, ke ce kuma za ki yi hidima? Kawo nan."

Kowa ya ji daɗinsa. Akanisi ce kaɗai wani abu ya tsaya wa a rai. Sai da ya ji garinsu tukuna ya faɗi nasa. Da Vasiti ta ce wani tsibirin, shi kuma da ɗan ina zai zama?

Ta kori tunanin. Ta ce wa ranta, ke dai baƙauya ce, komai sai kin zarga.

Can Torika ta tambaye shi, "Wane ƙauye a Ra? Ƙanwar uwata tana aure a can."

"Ƙauyen da ya fi naku kyawawan maza!" in ji shi. Aka sake fashewa da dariya, tambayar ta bi iska.

Akanisi ba ta yi dariya ba. Ɗan Ra na gaske, da ka tambayi ƙauyensa, sai ya haɗa maka da sunan kakansa da na rafin da suke wanka.

Ta ɗaga ido. Kusa da matakala akwai wani gajeren mutum da hular kwano, yana juya makullin mota a yatsa. Ba ya rawa, ba ya sha. Sau biyu ta ga Isikeli ya kalle shi.

Ta matsa kusa da Vasiti, ta yi ƙasa da murya.

"Vasiti, mutumin nan bai kwanta min ba."

"Ke wa ya taɓa kwanta miki? Ko direban bas tsoronsa kike."

"Bai faɗi ƙauyensu ba."

"To fasfo za ki tambaye shi? Tau ɗinmu ne fa. Kada ki ba mu kunya, matar yaya. Sha lemonki."

Isikeli ya lura da raɗar. Ya nuna Akanisi da bakin kwalba.

"Wannan limamiyar fa? Addu'a take mana?"

"Ƙyale ta," in ji Vasiti. "Jiya-jiya aka sauke ta daga jirgi, ita da buhunan gwaza."

Kunya ta rufe Akanisi. Ta sunkuyar da kai. Amma sunkuyawar ta sa idonta ya sauka a kan kofin, daga nan kuma ba ta ƙara ɗauke shi ba.

Tun tana yarinya take leƙen dattawa suna shan kava, abin shan gargajiyarsu, a zauren babanta. Ba ta iya rawa ba, ba ta iya hira da baƙo ba, amma ta san yadda kofi ke tafiya.

Zagaye na farko, daidai. Na biyu, daidai. Isikeli ya sha, Torika ta sha, sauran mata biyu suka sha, Vasiti ta sha.

A na uku aka sa wata waƙa da kowa ke so. Matan biyu suka tashi da gudu suka shiga fili. Torika ta juya kujera tana tafa musu. Vasiti ta miƙe tsaye tana rausaya, ta ba tebur baya.

Isikeli ya zuba. Bai sha ba. Ya sauke kofin ƙasan tebur, kamar mai goge gindinsa a wando. Bai fi ƙiftawa uku ba ya dawo da shi. Ya tsallake kansa, ya tsallake Torika, ya taɓa kafaɗar Vasiti.

"Tau, naki ne. Shanye, in kai ki gida da mota. Ruwan nan ba na jiran tasi ba ne."

Akanisi ta ƙura wa kofin ido. Ba ta ga ya zuba komai ba. Wallahi ba ta gani ba. In ta yi magana kuma babu komai, ta ci mutuncin abokin wasa a bainar jama'a, labari zai kai har Kadavu, har kunnen surukarta. In ta yi shiru kuwa...

Vasiti ta riga ta kai kofin baki. Ta yi kurɓa ɗaya babba.

Akanisi ba ta san lokacin da ta tashi ba. Jakunkuna suka zube ƙasa. Ta riƙe wuyan hannun Vasiti, ta zare kofin.

"Ke! Lafiyarki kuwa?"

Ba ta kula ta ba. Ta juya ga Isikeli.

"Ka ce kai tau ɗina ne, ko?"

"Ƙwarai, limamiya."

"To abin hannunka nawa ne, na ɗauka. Yanzu ni na ba ka. Sha."

Ya yi dariya. "Ai ba layina ba ne."

"Layinka ne. Mai zubawa ke farawa. Ka tsallake kanka, ka tsallake Iya Torika."

Torika ta juyo da kujerarta a hankali. Ta dubi kofin, ta dubi mutumin.

"Haka ne kuwa," ta ce. "Ban sha ba."

"Haba Iya, mantuwa ce. Ni kuma zan tuƙa mota, ya ishe ni haka."

"Ɗazu da ka shanye kofi biyu, keke za ka tuƙa?" in ji Torika. "Ɗana, tau ba ya ƙin kofin tau. Kurɓa ɗaya kawai. Ka sha, ni da kaina zan durƙusa in ba ka haƙuri, in sa yarinyar nan ma ta durƙusa."

Matan da ke rawa sun dawo. Mutanen teburin kusa sun juyo. Akanisi tana nan tsaye, ta miƙa masa kofin da hannu biyu, yadda ake miƙa wa babba.

Isikeli ya kalli kofin kamar an miƙo masa maciji. Fara'ar nan duk ta zube daga fuskarsa.

"Ku mutanen Kadavu ba ku san wasa ba," ya ce. Ya kai hannu kamar zai karɓa, sai ya kai wa kofin duka.

Akanisi ta janye shi zuwa ƙirjinta. Kaɗan ya zube a zaninta, saura yana nan.

"Mai gadi!" Torika ta ƙwala kira. "Mai gadi, tare ƙofa!"

Kafin mai gadin ya ratso taro, Isikeli ya ture wani, ya faɗa matakala. Mai hular kwanon tuni ya ɓace.

Vasiti tana ta masifa. "Kin ga abin da kika ja? Kin kori mutum, kin ɓata wa Iya dare! Gobe da wane ido zan..."

Maganar ta tsinke. Ta dafa tebur.

"Me ya sa ƙasan nan ke tafiya?"

Cikin 'yan mintuna harshenta ya yi nauyi, ƙafafunta suka ƙi ɗaukar ta. Mata huɗu suka tallabe ta zuwa ƙasa. Wani mai mota ya tsaya ya ce zai taimaka, Torika ta ce a'a, sun gode. Ta kira direban tasin da ta sani shekara da shekaru, suka cusa kansu su duka. Akanisi ta juye sauran abin kofin a kwalbar lemonta da ta shanye, ta toshe bakin da gefen zani, ta riƙe har asibiti.

Gari ya waye kafin Vasiti ta buɗe ido. Ta ga ƙarin ruwa a hannunta, ta ga Akanisi zaune a kujerar roba, idanu jajir.

"Ina ne nan?"

"Asibiti."

"Me na zo yi? Ni dai na tuna ana waƙa, ina tsaye..."

Ta yi ta lalube a kanta, babu komai bayan nan. Ma'aikaciyar jinya ta shigo duba ta, ta ce 'yan sanda sun karɓi kwalbar, kuma za su dawo su ji ta bakinsu.

"Kurɓa nawa kika yi?" ta tambaya.

"Ɗaya," in ji Akanisi.

Matar ta girgiza kai, ta gyara ledar ruwan, ta fita.

Vasiti ta daɗe tana kallon rufi. Sannan ta lalubo hannun Akanisi ta riƙe gam.

"Yaya," ta ce, muryarta a dishe. "Da na shanye fa?"

Akanisi ta matso kusa. Ta ja bargo ta rufe mata ƙafafu.

Darasi: 'Yar'uwa, duk abin shan da ya ɓace wa idonki ko na ƙiftawa ɗaya ne, ba naki ba ne kuma. Mugu ba ya zuwa da baƙar fuska, da wasa da zumunci yake shigowa, don ya san kunya za ta ɗaure miki baki. In ranki bai kwanta ba, ki yi magana ko da za a yi miki dariya. Ku fita tare, ku dawo tare, kuma kada ki raina mai shiru a cikinku. Ki tura wa ƙanwarki da ƙawarki wannan kafin fitarsu ta gaba.