Jitar Tutu Ululani da Ɗaurin Gidansu

Akwai wani mutum a garin Hilo, a wani tsibiri can tsakiyar teku, mai suna Kanoa Medeiros, sana'arsa saye da sayar da tsofaffin kayan kiɗa a kasuwar Asabar. Ido gare shi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Sai dai bakinsa ya fi idon kaifi, kullum yana cika baki wai ba a haifi wanda zai fi shi ciniki a tsibirin ba.

Wata rana ya ji labarin Tutu Ululani (Tutu a yarensu na nufin Kaka), wata dattijuwa a bayan gari, tana rage kayan ɗakinta. Ya je ya tarar da jitar cinya, irin wadda ake kwantarwa a kan ƙafa ana goga mata ɗan guntun ƙarfe. Kallo ɗaya ya yi mata ya san ta haura dala dubu.

Sai gogan naka ya ɓata fuska.

"Kai, Kaka, ai wannan ta gama yayi. Danshi ya ci katakon, ga wuyan ya karkace."

Tsohuwar ta dube shi ta saman tabarau. "To. Kai za ka kaɗa ta, ko sayarwa za ka yi?"

"Ni? Haba Kaka! Koyo nake so in yi, tun ina yaro nake da wannan buri."

Wallahi ko kunya bai ji ba.

Fuskar Tutu ta washe. Yatsunta sun riga sun kumbura da ciwon gaɓɓai, 'ya'yanta duk sun ƙaura neman aiki, babu wanda ya tsaya ya koya. Ta ɗora jitar a cinya, ta shiga murɗa kunnuwan da ke jan tsirkiyoyin da ƙyar, tsirkiya bayan tsirkiya.

"Wannan ɗaurin tsirkiyar na gidanmu ne, shi ke ba ta irin muryarmu," in ji ta. "Babana ya ba ni, ba a taɓa fitar da shi waje ba. Kawo dala sittin, kada a ce kyauta ce. Ka riƙa zuwa duk Laraba ina nuna maka."

Ya ce to, ya rungume jita ya yi gaba.

Laraba uku suka wuce, ko hanyar gidan bai kalla ba. Ya goge jitar tas, ya ajiye ta gaban rumfarsa, ya sa mata dala dubu da ɗari biyu. Amma da yake shi ɗan kasuwa ne ba makaɗi ba, bai taɓa kunnuwan ba, yadda ta ɗaure haka ya bar su.

Ranar Asabar, kasuwa ta cika, sai ga Kawu Palani, tsohon makaɗin da kusan duk bikin garin da shi ake yi.

"Ɗan Medeiros, ina ka samo wannan?"

"Daga ƙetare, Kawu. Wani Bature ne ya kawo ta, da ƙyar na raba shi da ita."

Kawu ya zauna a kan akwati, ya ɗora ta a cinya, ya ja babban yatsa a kan tsirkiyoyin sau ɗaya. Ya tsaya cak. Ya sake ja.

"Bature, ko? To Baturen nan naka a gidan su Ululani aka yanke masa cibiya? Shekara talatin ina roƙon matar nan ta nuna mini ɗaurin nan tana hana ni. Ashe kai ne yaron kirkin da take ba kowa labari a coci, wai Allah Ya kawo mata magaji!"

Mai sayar da gwanda ta bar ciniki ta juyo. Mai furanni ta riƙe haɓa. Kanoa ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. A garin da kowa ya san uwar kowa, kafin la'asar magana ta gama zagayawa.

Ranar Laraba ya ɗauki jitar ya nufi gidan Tutu. Ya same ta a baranda, a gabanta tebur da kwano biyu, poi, wato tuwon gwaza, da gasasshen kifi. Maƙwabciyarta ta leƙo ta kan shinge ta ce, "Sannu da zuwa, ɗalibi. Duk Laraba haka take girka na mutum biyu."

Nan idonsa ya kawo ruwa. Ya durƙusa.

"Kaka, na yi miki ƙarya. Lafiyar jitar nan ƙalau."

"Na sani, ɗan nan. Shekara hamsin da biyar tana cinyata, kai za ka gaya mini wuyanta ya karkace? Wannan ban ɗauke ta a bakin komai ba, na ce halin 'yan kasuwa ne. Ɗaya ƙaryar, ta son koyo, ita ce na yarda da ita."

"Ki karɓi abarki, Kaka. Ko kuma ki koya mini, wallahi yanzu da gaske nake."

Ta miƙa hannu ya ba ta. Ta kwantar da ita a cinya, ta kama kunnen farko ta sassauta har tsirkiyar ta yi laƙwas. Ta kama na biyu. Yana durƙushe yana kallon yatsun nan masu ciwo, har ta gama da duka shidan. Sannan ta miƙa masa.

"Ciniki ya riga ya faɗa, taka ce. Yanzu katako ce da ƙarfe, je ka sayar yadda ka ga dama."

Ta ɗauke kwano ɗaya ta shige ciki, ta ja ƙofa.

Darasi: Ribar da aka ci da amanar wanda ya yarda da kai hasara ce. Kuɗi in sun tafi ana sake nemo su, amma yarda in ta kwance, ba kowane haƙuri ke sake ɗaure ta ba. Jama'a, ku tura wa 'yan uwa, musamman masu saye da sayarwa, ko wani ya gyara tun bai durƙusa a ƙofar da ba za a buɗe masa ba.